Kun Tambaya, Mun Amsa: Wayar da ke riƙe jigon jirgin ruwa

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan abu guda, wato igiyoyin waya da ke riƙe jigon jirgin ruwa mai filafilai, irin na shaƙatawa da na tsere; jigo shi ne dogon sandan da ke tsaye yana ɗauke da filafilan. Duka daga masu karatunmu na bakin teku suka fito.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da jirgin maigidana mai tsawon mita 10 a nan Legas. Bara aka canja wayoyin jigo da wata da aka sayo a kasuwa. Mai shagon ya rantse sitenles ce, har ya kara mata maganaɗisu bai kama ba. Ba a yi wata shida ba ta fara yin ja. An cuce mu ne, ko dama haka sitenles yake? Daga mai karatu a Apapa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa ne mai shagon bai yi ƙarya ba, amma kuma wayar ba ta teku ba ce. Sitenles suna ne na dangi guda na ƙarafa, kuma ba kowane ɗan dangin ne ke jure gishiri ba.

Abin da ke kare wannan ƙarfe daga tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam da aka narka a cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Idan kuromiyam ya haɗu da iskar oksijin sai ya yi wata fata siririya a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani. Ko an kankare ta, tana sake fitowa da kanta muddin iska na isa wurin. Gishirin teku yana ɗauke da kuloraid, wanda ke huda wannan fata, shi ya sa ake ƙara wani sinadarin mai suna molibdenam don ta ƙara tauri. A kasuwa za ka tarar da iri uku. Akwai 304, mai kuromiyam kusan kashi 18 da nikel kashi 8, ba molibdenam a ciki. Shi ne na tukwane da kwanon wanke-wanke. Akwai 316, mai kuromiyam kashi 16 zuwa 18, nikel 10 zuwa 14, da molibdenam 2 zuwa 3. Wannan shi ne na teku. Sai 201, wanda aka rage masa nikel aka cike da manganis don ya yi araha, kuma shi ne ya fi saurin lalacewa a bakin ruwan gishiri. In an jera su ukun a gabanka suna sheƙi, ba za ka bambance su da ido ba.

Gwajin maganaɗisu ba hujja ba ne. Shi ma 201 maganaɗisu ba ya kama shi sosai, ga shi kuma waya ta gaskiya tana iya ɗan jan maganaɗisu kaɗan, saboda jan da ake yi mata a sanyi ta cikin ƙananan huji lokacin ƙera ta yana sauya tsarin ƙarfen. Abin da maganaɗisu ke iya gaya maka kawai shi ne, in ya manne ƙam, to baƙin ƙarfe ne aka shafe ko wani irin sitenles da bai dace da jigo ba.

Gwaji na gaskiya iri biyu ne. Na farko na'urar hannu da ake kira XRF, wadda ake kara wa ƙarfe ta karanto sinadaransa cikin daƙiƙu. Kamfanonin da ke duba bututun mai da manyan dillalan tsofaffin ƙarafa suna amfani da ita, saboda haka a gari kamar Legas ko Fatakwal ba za a rasa ta ba. Yanki guntun waya ka kai, ka nemi a karanta maka molibdenam. In bai kai kashi 2 ba, ba 316 ba ce. Na biyu ruwan gwajin molibdenam ne da ake ɗigawa a kan ƙarfe ya canja launi. Ya fi araha, sai dai karanta shi a kan siraran silin waya yana da wuya.

Kafin ka yanke hukunci, ka duba irin jan da ta yi. Wanke wurin da ruwan daɗi, ka goge da tsumma da maganin tsatsa mai sinadarin okzalik ko sitirik, ka ɗauraye, sannan ka duba da gilashin ƙara girma. In ƙarfen ya fito sumul, tabo ne na sama, kuma sau da yawa daga ƙurar baƙin ƙarfe yake: an yanke wayar da faifan giranda da aka yi aikin rodi da shi, ko an ja ta a ƙasan shagon walda. In kuwa ka ga ƙananan ramuka kamar an soka allura, ko ka ga sili guda ne ke yin ja yana zagaye wayar daga sama har ƙasa, to matsalar a jikin ƙarfen take. A sauke ta. Kada kuma a taɓa goge wayar jigo da soson ƙarfe ko burushin waya na baƙin ƙarfe, kada a wanke ta da bilic, domin shi ma kuloraid ne.

Tambaya: Ina harkar kayan ƙarfe a Tema ta ƙasar Ghana. Masu jiragen ruwa suna yawan tambayata wannan waya, ina so in fara shigo da ita. Me zan rubuta wa kamfani, kuma a wurin wa zan saya?

Amsa: Alhaji, Allah Ya sa albarka a kasuwa. Shawararmu ta farko ita ce ka sayi waya da takardarta, kada ka saye ta da bakin dillali.

A cikin odarka ka rubuta irin ƙarfen da lambarsa: 316, ko 1.4401 a lissafin Turai. Ka rubuta tsarin saƙa, 1x19 (sili 19 a murɗe wuri guda) in ta riƙe jigo ce. Ka rubuta kauri, ka fayyace da milimita ne ko da inci. Ka nemi su faɗi mafi ƙarancin nauyin da ke tsinka ta. Ka tambayi gefen da aka murɗa silin waje, dama ko hagu, domin wasu kawunan waya, wato ƙarafan da ake maƙalawa a ƙarshenta don a ɗaure ta, da na'urorin naɗe filafilai suna la'akari da hakan. Sannan ka ce dole kaya su zo da takardar shaida irin EN 10204 3.1. Wannan takarda daga masana'antar da ta yi wayar take fitowa, tana nuna sinadaran narkin da sakamakon gwajin tsinkewa, kuma tana ɗauke da lambar narki. Lambar da ke kan takarda dole ta zama ita ce a jikin daram ɗin wayar. In sun saɓa, ko aka turo maka hoton takardar da ba lamba, takardar ta wani kaya ce daban.

Maganar milimita da inci tana jawo asara fiye da yadda ake zato. Kwata na inci milimita 6.35 ne, ba 6 ba. Inci 3/8 milimita 9.5 ne, ba 10 ba. Inci 5/16 kuwa ya yi kusa da milimita 8. Jiragen da aka ƙera a Amurka galibi da inci suke, na Turai da milimita. In aka matse kan waya na kwata a kan waya mai milimita 6, zai yi kamar ya kama, amma bai riƙe yadda ya kamata ba, kuma ranar iska mai ƙarfi wayar na iya zarewa.

In kaya sun iso, ka auna kaurin da baniya, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, a wurare da dama, daga tudun sili zuwa tudun da ke fuskantarsa. Ka yanki mita guda ka ɗora a sikeli: 1x19 mai milimita 6 tana kai kusan giram 180, mai 8 kusan 320, mai 10 kusan rabin kilo. Wadda ta gaza sosai an rage mata ƙarfe. Ƙarfin tsinkewa kuwa, a lissafin da aka saba gani na 316, mai milimita 5 kusan kilo 2,000 ne, mai 6 kusan 2,900, mai 8 daga 4,600 zuwa sama, mai 10 daga 7,200 zuwa sama. Kamfanoni suna ɗan bambanta, amma wanda ya kawo maka lamba da ta yi nisa da waɗannan, ka tambaye shi dalili.

Sunayen da masu wannan sana'a suka daɗe da sani sun haɗa da KOS na Koriya ta Kudu, Loos & Co. na Amurka, da Bridon na Ingila, mai wayar Dyform. Wajen kawunan waya akwai Sta-Lok da Petersen a Ingila, Blue Wave a Denmak, Hayn a Amurka, sai Seldén na Suwidin da ke yin jigo da kayansa gaba ɗaya. Ba muna cewa duk wayar da ba ta waɗannan ba ce jabu ce. Amma mai sayarwar da ba zai iya faɗa maka masana'antar da ta yi wayarsa ba, ka bar masa kayansa, komai arahar su. Ka nemi dillalin da ke sayar wa masu haɗa jigo, domin mai sayar da wayar ado ta baranda da shinge ba ruwansa da ƙarfin tsinkewa.

Wajen ajiya, ka bar ta a daram ɗinta, nesa da rodi da ƙurar walda, ba a kan siminti mai danshi ba. In za ka warware, ka sa sanda a tsakiyar daram ya riƙa juyawa. Waya 1x19 in ta lanƙwashe ta yi gwiwa, ba ta gyaruwa. Wurin sai yankewa.

Tambaya: Mene ne bambancin 1x19 da 7x19? Na ga 7x19 ta fi laushi da daɗin aiki. Ba zan iya ɗaure jigo da ita ba?

Amsa: Lambobin suna faɗin yadda aka saƙa ta ne. A 1x19 sili 19 ne masu kauri aka murɗa wuri guda: ɗaya a tsakiya, 6 kewaye da shi, 12 a waje. Tana da tauri, ba ta miƙewa sosai, kuma a kauri ɗaya ta fi ƙarfi. A 7x19 igiyoyi 7 ne, kowace da sili 19 sirara, jimla 133. Laushinta ya sa ake amfani da ita inda waya ke bi ta kan fuli, wato 'yar taya mai juyawa, kamar wayar sitiyarin jirgi, kuma faɗin fulin ya kamata ya kai kusan ninki 20 na kaurinta. A jigon aluminiyam na zamani ba ta dace ba, saboda tana miƙewa, jigon ya riƙa karkata yana jijjiga. Siraran silinta kuma sun fi saurin cinyewa. Wanda yake son ƙarin ƙarfi ba tare da ƙara kauri ba sai ya nemi matsattsiyar waya irin Dyform, wadda ta fi 1x19 ƙarfi da kusan kashi 30 cikin ɗari, amma ya tabbata kawunan da zai sa na irinta ne.

Kada ka ƙara kauri a kan abin da maƙerin jirgin ya tsara don neman kwanciyar hankali. Fin ɗin sabon kai, wato ƙusar da ke maƙala shi, ba zai shiga tsohon huji ba, nauyi zai ƙaru a sama, kuma ɗaurin da waya mai kauri ke buƙata zai ɗora wa jikin jirgin lodin da ba a gina shi don shi ba.

Tambaya: Ina aiki a jirgin da ke kai masu nutso yawo daga Fot Sudan. Wayar gefe ta tsinke mana daidai bakin ƙarfen da aka matse ta a ciki, ta ƙasa. Shekararta tara, 316 ce ta asali, kuma har ranar tana sheƙi. Me ya faru?

Amsa: Mun gode wa Allah da jigon bai faɗo a kan kowa ba. Abin da ya same ku shi ne yadda mafi yawan wayoyin jigo ke mutuwa, ɗan'uwa. Da wuya ka ga ta tsinke a tsakiya.

Ruwan gishiri yana gangarowa ta tsakanin silin waya har ya shige cikin kan da ke ƙasa, ya kwanta a can. A ciki iska ba ta shiga, saboda haka fatar kuromiyam da muka ambata ba ta iya sabunta kanta. Rana ta busar da ruwan, gishiri ya ƙara kauri, tsatsa ta fara ci daga ciki. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma, sai ta riƙa tura bangon kan har ya tsage. A daidai wannan baki kuma waya mai motsi ke haɗuwa da ƙarfe maras motsi, kowace igiyar ruwa tana ɗan lanƙwasa ta, sau miliyoyi, har sili ya gaji ya karye. Bahar Maliya, inda kuke aiki, ta ƙara tsananta lamarin: gishirinta kusan giram 40 ne a lita, alhali matsakaicin teku 35 ne, ga zafi. A ƙasashe masu sanyi kamfanonin inshora da yawa suna neman a canja wayoyin jigo bayan kimanin shekara 10. A ruwa mai zafi da gishiri irin naku, ga jirgin da ke aiki kullum, mu ba za mu bar ta ta wuce shekara 7 zuwa 8 ba.

Yanzu abin yi. Kada ku canja wadda ta tsinke kaɗai. 'Yar'uwarta ta ɗaya gefen shekarunsu ɗaya, wahalarsu ɗaya, haka sauran. Kafin ku sassauta komai, ku naɗa salatif a kan tiredin kowane tanbokul, wato kusar da ake juyawa a ja waya, don a san inda yake a ɗaure. Tsawon sabuwar waya ana auna shi daga tsakiyar fin na sama zuwa tsakiyar fin na ƙasa, a lissafa yadda tanbokul zai kasance a buɗe kusan kashi biyu cikin uku, don a sami wurin ja. Hanya mafi aminci ita ce a kai wa mai haɗawa tsofaffin wayoyin, kowace da alamar wurinta.

Kawunan waya iri biyu ne. Akwai na matsi, wanda inji ke matse shi a kan wayar. Yana da kyau in injin da mai aikin nagari ne: a auna kaurinsa bayan matsi ya yi daidai da jadawalin kamfani, ya fito a miƙe, kuma kada a yi ta maimaita matsi, domin hakan na sa ƙarfen ya yi gautsi. Wanda ya fito a lanƙwashe a ƙi karɓarsa. Sai kuma na ɗauri da sifana, irin Sta-Lok da Hi-Mod. Ga wanda ke nesa da injin matsi mai kyau, waɗannan muka fi so, musamman a ƙasa inda ruwa ke taruwa, domin ana iya kwance su a duba ciki.

Ga yadda ake haɗa irin Sta-Lok a kan 1x19. A naɗa salatif a wurin yanka, a yanke daidai da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, a goge kaifin da fayil. A zura gidan kan a jikin waya tukuna. A warware sili 12 na waje kaɗan, a bar 7 na ciki a murɗe. A zura ɗan tsinin da ke zuwa da shi a kan na cikin, a bar milimita 2 zuwa 3 suna leƙowa. A mai da silin waje su kwanta kewaye da tsinin daidai wa daida, a kula sosai kada ko ɗaya ya faɗa cikin tsagar tsinin, don in ya faɗa tsinin ba zai matse ba. A ɗaura, a sake kwancewa a duba silin sun lanƙwasa sumul ba wanda ya hau wani, sannan a sa gam ɗin tiredi a ɗaura na ƙarshe ba tare da an danne da ƙarfin tsiya ba. Duk lokacin da za a sake amfani da kan, sabon tsini ake sawa. Sauran kamfanonin ma'auninsu ya bambanta, a bi takardar da ta zo da kayan.

Kowace waya ta sami gaɓa mai juyawa a ƙasa, wayar gaba kuma sama da ƙasa, don kan ya riƙa bin layin wayar. Rashin wannan gaɓa, ko fin da ya yi wa huji ƙanƙanta, shi ke karya sili da wuri. Ku kuma ciro farantan ƙarfen da wayoyin ke kamawa a jikin jirgi ku duba daidai inda suka ratsa dandamalin jirgin, domin can ma ruwa na kwanciya ba iska, kuma sabuwar waya a kan ruɓaɓɓen faranti ba ta hana jigo faɗuwa.

Daga nan, duk wata a wanke ƙasan wayoyin da ruwan daɗi, a duba bakin kowane kai da gilashin ƙara girma, ana neman tsaga siririya kamar gashi ko kumburi. Sili guda in ya karye a 1x19, wayar ta gama aiki. Sau ɗaya a shekara a hau jigo a duba na sama. Kada a lulluɓe tanbokul da salatif ruf. A rufe bakin kota fin, wato 'yar ƙusar da ke kulle shi, kawai don kada ya yaga filafilai.

Tambaya: Yaya zan san na ja waya daidai, tunda ba ni da na'urar aunawa?

Amsa: Da ma'aunin kafinta mai tsawon mita 2 da baniya za ka iya. Ɗaura wayoyin gefe biyu da hannu kawai har su miƙe, jigo yana tsaye a tsakiya. Manna saman ma'aunin a jikin waya da salatif, ƙasansa ya tsaya kamar milimita 5 a saman bakin kan waya, ka auna wannan rata da baniya. Fara juya tanbokul, kana riƙe da kan wayar da wani sifana don kada ta murɗe. Duk milimita 1 da ratar ta ƙaru, ka ɗora wa wayar kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin tsinkewarta, ko nawa ne kaurinta, in dai 1x19 ce. Manyan wayoyin gefe galibi kashi 15 ake nema, wato milimita 3. Jigon da hannayensa, wato sandunan da ke tokare wayoyin gefe, suka koma baya yakan buƙaci kashi 20. Kada a haura 25. Ka ƙirga juyin da ka yi, ka raba aikin tsakanin gefe biyu don jigo ya tsaya a miƙe.

Waya sako-sako ta fi ɗaurarriya saurin mutuwa, saboda fizgar da take sha. Ka shafa wa tiredi man lanolin ko man da ake kira Tef-Gel kafin juyawa. Sitenles a kan sitenles in ya bushe yana cije juna ya ƙi motsi har abada, shi ya sa tanbokul mai kyau ake yi masa jiki da tagulla.

Tambaya: Wayar shingen gefen jirginmu mai farar roba ce a jiki. Ta yi kyau?

Amsa: A cire wayar. Ruwa na shiga ƙarƙashin robar, iska ba ta shiga, kuma ba za ka ga ɓarnar ba sai ranar da mutum ya jingina. Dokokin tseren teku na hukumar World Sailing sun ce wayar shinge ta zama tsirara, kaurinta aƙalla milimita 3 ga jirgin da bai kai mita 8.5 ba, 4 ga mai mita 8.5 zuwa 13, da 5 ga wanda ya fi haka. Ko ba tsere kuke ba, wannan ma'auni ya dace a bi.

Tambaya: In 316 mai takarda ta gagara samu, ko kuɗinta ya fi ƙarfina, akwai mafita?

Amsa: Akwai, kuma ta fi sayen sitenles da ba a san asalinsa ba. Wayar baƙin ƙarfe mai ruwan zinki, saƙar 7x7, ita ce jiragen ruwa suka yi amfani da ita tun kafin a gano sitenles a Shefil ta Ingila a 1913. Tana da araha, tana jure lanƙwasa, kuma tsatsarta a fili take fitowa tun kafin ta yi rauni. Sharaɗinta shi ne a riƙa shafa mata mai a kai a kai, kuma a bar wayar gaba da filafilai ke gogawa ta zama sitenles, don gugar tana cinye zinkin. Ɗaya hanyar ita ce igiyar Dyneema, ta zaren roba mai ƙarfi, wadda ba ta tsatsa sam kuma nauyinta kaɗan ne. Ita ana zaɓar kaurinta ne bisa miƙewa, ba bisa ƙarfin tsinkewa ba, saboda tana ɗan tsawo a hankali in ta daɗe a ɗaure. A nemi irin da aka gasa aka miƙar, ko irin Dyneema mai suna DM20. Rana da guga su ne abokan gabanta, don haka a sa mata riga a inda take taɓa hannayen jigo, a kuma goge duk wani kaifi a hujin da za ta bi.